Kunnen da Rifkatu Ta Yarda da Shi

Zuwa ga matata Saratu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina hutawa lafiya a wurin Ubangiji. Ni ina nan garin Bowie a ƙasar waje, gidan 'yarmu Rifkatu. Ƙafa ta yi nauyi, da rana kuma ba kowa a gidan sai ni.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba mai daɗi ba ne.

Kin san aikina a tashar wayar iska. In sa abin sauraro a kunne, in yi ta murɗa rediyo a hankali, fito yana sauka yana sauka har ya ɗauke. Inda ya ɗauke, nan zangon yake. Ke ce kike gaya wa yara kunnen babansu ba ya kuskure, Rifkatu kuwa da maganar nan ta girma.

Yanzu wannan aikin nawa take koya wa na'ura. Saƙon tauraron ɗan Adam kan wani zango yake hawa, zangon kuma ba ya zama wuri ɗaya, tafiyar tauraron da zafin kayan aiki suna gusar da shi. Ta haɗa wani allo cike da ƙananan kayan lantarki, wanda yake lalubo zangon da kansa ya nuna a lamba.

Ranar Asabar ta zo da shi gida, ta riƙe ni muka sauka ɗakin ƙasa, ta sa mini abin sauraro. Wai so take ta gwada allonta da malaminta na farko.

Saratu, ban ji fiton ba. Kunnena ya daɗe da tafiya, ban gaya wa kowa ba. Leɓe nake kallo, in gyaɗa kai. Na murɗa, na murɗa, na ga ta zuba mini ido kamar lokacin da take ƙarama, sai na tsayar da hannu na ce nan ne.

Allon ya nuna da saura, da nisa ma.

Ba ta yi shakkata ba, allon ta tuhuma. Ta roƙi shugabanta a dakatar da miƙa aikin, alhali na'urorin awo na ofishinsu sun ce lafiya lau yake. Kullum ta dawo sai ta sauka ƙasa tana ɓalle abin da ta liƙa, tana neman laifin da babu shi. Ni ina zaune a sama, warin dalma yana iso mini, ina cin tuwon da ta tuƙa mini, bakina a rufe.

Yau da safe na kama hannun rigarta a bakin ƙofa, na faɗa mata gaskiya. Ta juya baya ta yi wata magana, ban ji ba. Sai ta ajiye jaka, ta durƙusa, ta kawo fuskarta daidai tawa don in ga leɓenta.

“Baba, tun yaushe?”

Ta ce allon za a miƙa shi, ita za ta san abin da za ta gaya wa shugabanta. Sannan ta ce duk watannin nan da take kirana daga kicin ban amsa ba, ta ɗauka fushi nake da ita don ta raba ni da kabarinki. Shi ya sa ta daina kira.

Wannan ya fi allon yi mini ciwo, Maman Rifkatu.

Ubangiji ya gafarta mini girman kaina, ya rufa wa yarinyar nan asiri a gaban shugabanta, ya ba ni kwanakin da zan amsa mata kira. Ke kuma ya ƙara miki hutu har mu sadu.

Ni ne mijinki,
Ayuba