Watan da Baba Ya Gani

Tudun Wada, Gusau
4 ga Sha'aban

Zuwa ga Yaya Hafsatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Malam Yusha'u da yara da duk mutanen Bungudu. Ya ƙafar ’yarki Ummi? Mu nan sai godiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Maganar ba ta waya ba ce, na san ki da sa waya a bayyane kowa na ji.

Kin dai ji abin da ya faru a Tsafe ranar ashirin da tara ga Rajab. Baba ya hau dutse kamar yadda ya saba shekara talatin, ya ce ya ga jinjirin wata, mutanen da ke tare da shi ba wanda ya gani. An kai shaidarsa gaba, ba wani gari da ya mara masa baya, aka cika Rajab talatin. Tun ranar ake ƙus-ƙus a bakin masallaci.

To ashe Tajuddeen mai hoton biki ya bi su da kyamararsa, ya ɗauki hoto bakwai daidai inda Baba ya nuna. A cikinsu akwai wani ɗan lanƙwasasshen haske kamar yankan farce. Baba ya aiko mini da katin kyamarar, wai in sa a injina in kunyata masu surutu. Yana ta faɗa wa mutane ’yarsa malamar kimiyya ce, ita ke duba hotunan taurari.

Yaya, da ban koyi manhajar nan ba! Da ita muke duba hotunan manyan madubai na hangen sama, ni da ɗalibaina. Kina iya ƙara haske har abin da ido bai kama ba ya fito. Kina iya jera hotuna ki riƙa sauya su da sauri: abin da ke sama yana gusawa tare da sama, abin da ke jikin kyamara kuwa yana nan daram. Na jera na Tajuddeen. Hannunsa ya yi ta rawa, bishiya na tsalle, dutse na tsalle, ɗan hasken nan ko gezau. Na buɗe hotunan wani biki da ke kan katin, sai ga "watan" Baba a goshin amarya, ga shi a jikin tukunyar shinkafa. Ƙarzuwa ce a gilashin kyamara.

Na ƙara haske har hoton ya dagule, wallahi ba wata a wurin. Baba ba ya ƙarya, ke ma kin sani. Ina tsoron idonsa ne.

Ki ba ni shawara. Ki gaida Malam.

Ƙanwarki,
Juwairiyya

Tudun Wada, Gusau
17 ga Sha'aban

Yaya Hafsatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, kuma na ji haushinsa, ba zan ɓoye miki ba. Wai in ce katin ya lalace. Ke da sauƙi! Saura kwana goma sha biyu a nemi watan azumi. In ya sake ganin abin da babu, aka yi rashin sa'a wani mai son suna ya ce shi ma ya gani, mutane su ɗauki azumi a kan kuskure, alhakin a wuyan wa? Ni ce na sani na yi shiru.

Amma kada ki ɗauka ni jaruma ce. Ranar Asabar Baba ya zo Gusau da kansa, duk da yadda hanyar nan ta zama. Ko ruwa bai sha ba ya ce in buɗe masa. Na buɗe. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin kwamfuta, ya ɗora yatsa ya ce ga shi nan, yana murmushi. Yaya, inda ya ɗora yatsan ba wata, ba ma ƙarzuwar ba, sarari ne fayau. Da ya ɗago hasken taga ya bugi fuskarsa na ga farar yana a ƙwayar idonsa na dama. Yaushe rabon da ɗayanmu ta kalli idon Baba da kyau?

Na ce masa ban gama bincike ba. Ya sa mini albarka, ya ce in yi a hankali, aikin ilimi ba ya son gaggawa. Da na raka shi tasha na dawo na yi kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa.

Abinci ba ya shiga. A aji ina rubutu a allo in manta abin da nake rubutawa. Don Allah ki zo Tsafe ranar ashirin da tara, mu faɗa masa mu biyu. Ya fi jin maganarki, ni har yau ’yar auta yake ganina.

Taki,
Juwairiyya

Tsafe
2 ga Ramadan

Yaya Hafsatu,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Inna ta ce zazzaɓin Ummi ne ya hana ki zuwa, Allah ya ba ta lafiya. Na yi fushi da ke, na huce.

Ni kaɗai na faɗa masa, bayan la'asar, a zaure. Na yi ta kewaye-kewaye har ya ce in daina yi masa lacca. Sai na faɗa a fili: ba wata a hoton, kuma ina ganin yana ce a idonsa. Ya jima yana murza carbi, sannan ya ɗauki sandarsa ya nufi dutse. Na ja mayafi na bi bayansa, ban san abin da zai yi ba.

Rana na faɗuwa watan ya fito, siriri amma tas, har ni na gan shi ba wahala. Mutane suka fara kabbara ƙasa-ƙasa. Kin san al'adarsu, ɗan aiken hakimi ba ya rubuta sunan kowa sai Babanmu Malam Labbo ya yi magana. Duk aka juyo ana jiransa. Yaya, Baba kudu-kudu yake kallo, nesa da inda watan yake. Da ya ce ya gani ba wanda zai musa, tunda ga wata a sama. Ni kaina a zuciyata roƙonsa nake ya ce ya gani.

Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce shi bai ga komai ba, a rubuta sunan Mu'azu tela da duk wanda ya gani da idonsa, kuma daga bana kada a sake jiran Labbo.

Mutane suka fara sauka ɗaya-ɗaya, kowa na sunkuyar da kai in ya zo wucewa ta gabansa. Da muka rage mu biyu ya laluɓo hannuna, ya ce in juya shi ya fuskanci inda yake, ko bai gani ba yana so ya yi addu'ar ganin wata. Na kama kafaɗunsa na juya shi. Ya yi addu'ar har ƙarshe, ni ce na kasa cewa amin.

Ranar Litinin zan kai shi asibitin ido a Gusau. Ki sa mu a addu'a lokacin buɗa-baki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Juwairiyya