Garba Sifawa Uku

Laraba, ashirin ga Shawwal, bayan lisha

Sati uku ke nan na'urar ƙofar sito tana ƙin yatsana. Shekara ashirin da shida ina tsaron kayan asibitin nan, amma sai na tsaya wani ya buɗe mini kamar baƙo. Na riga na yanke aikin Bello akawu ne, don ya daɗe yana son kujerata ga ƙanensa.

Yau aka turo mai kwamfuta daga Sakkwato, Hajiya Rabi. Na zaci hotuna za ta latsa. Ina! Allo ne baƙi ƙirin. Ta buga layi guda, sai ga sunayenmu sun zubo garke-garke: masu magani, masu gadi, waɗanda suka bar aiki. Ta ce, "Baba, dokar ba ta san fuska ba. Garken da aka sa ka, hukuncinsa za ta yi maka."

Can ta ɗago kai. "Garba Sifawa ku nawa ne?"

"Uku muke. Ɗayanmu, direba, ya rasu jajibirin sallah."

"To kai aka cire a madadinsa. Marigayi ke riƙe da izinin sito."

Wai kuskuren daga can Sakkwato ne, ba Bello ba. Ban gama yarda ba.

Ta sake bugawa, ta ce in gwada. Ƙofa ta buɗe! Ikon Allah, ba takarda, ba sa hannun kowa.

Na roƙe ta in tsaya in ga fitar direba. Shi ma layi guda ne, sunan ya ɓace. Na ɗaga hannu na yi masa Fatiha, ita ma ta ɗaga nata.