Motar da Ba Ta Buƙatar Kowa

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Abincin rana a gidan Yaya Horácio, kamar kowace Lahadi. Kifi mai gishiri da dankali. Matarsa Graciete ta yayyanka masa nasa tun a kicin don kada a ga ana yanka masa. Na gani. Ya kuma san na gani.

Tun lokacin kaka ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta dawo, da taimakon sanda. Hannun yana nan kwance a cinyarsa kamar na aro. Likita ta ce ya riƙa fita, amma iyakarsa daga kujera zuwa banɗaki.

A wurin wanke-wanke Graciete ta ce min, "Telmo, ko faɗa ya daina. Mutumin da idan gishiri ya yi yawa sai maƙwabta sun ji. Jiya da gangan na ƙona miya, ya shanye bai ce uffan ba."

Shekara da shekaru duk Lahadi yana kulob ɗinsu na ƙananan motocin tsere masu rimot, can bayan tsohuwar masana'antar safa. Yanzu ko abokansa na can suka zo dubiya sai ya ce a ce yana barci. Ba ya so su gan shi yana jan ƙafa. Ranar goma ga Maris za su buɗe tseren bana.

Na ce mata ni zan shiga tseren. Idan ni ke tuƙi, dole ya zo ya ga yadda zan zubar da sunan gidanmu. Bakina ne ya faɗa kafin kaina ya sani. Ban taɓa riƙe rimot ba.

Talata, 6 ga Fabrairu

Ashe ba mota ɗaya ba ce. Akwai mai batir, akwai mai inji da ke shan mai. Akwai mai ja da tayoyin baya kawai, akwai mai ja da duka huɗu. Akwai wadda ke zuwa a haɗe, akwai wadda ke zuwa a wargaje cikin kwali sai ka haɗa da kanka. Duk wanda ya yi rubutu a intanet ya rantse tasa ce gaskiya, sauran mahaukata ne.

Yau a shago na yanka gilashin tabarau ɗin wata tsohuwa ba daidai ba. Ban saba ba.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Na kira Yaya na gaya masa. Na ce, "Yaya, wacce zan saya?"

Ya ce, "Wadda ka ga dama, Auta."

Shekarata arba'in da ɗaya bai taɓa barina na zaɓi ko kujerar zama a mota ba.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Da safe na je filin. Na daɗe cikin mota a bakin ƙofa kafin in fito.

Jar ƙasa, tudu-tudu, kwana-kwana, da wani dandamali na katako da direbobi ke hawa su jera kamar masu jiran hukunci. Motocin ba su fi tsawon takalmina da rabi ba, amma gudu kamar an koro su. Ɗaya ta tashi sama ta kife. Wani mai ƙaton ciki ya ruga ya miƙar da ita, mai motar yana ta ihu daga sama, "Yi sauri mana, Fausto, ko naƙuda kake yi?" Wai ƙa'ida ce, duk wanda ya gama nasa zagaye sai ya sauko ya tsaya ɗaga motocin na bayansa. To ni da gwiwata mai ciwo.

Wani dattijo, Senhor Gualter, shi ke riƙe da kulob ɗin, ya gane ni ta hanci. "Hancin gidan su Horácio ne wannan. Yaya jikin ɗan rigimar?" Na ce da sauƙi. Ya dube ni bai yarda ba.

Na tambaye shi mota. Ya ce kada in kusanci mai inji, in fara da mai batir mai ja da tayoyin baya, ita ce ke koya wa mutum ladabi. Ya ce in sayi irin wadda maƙwabcin teburina na gyara ke tuƙawa, don ran da hannun gaba, wato ƙarfen da ke riƙe taya, ya karye, a aljihunsa zan samu wani. "Kuma zai karye, ɗana. Kada ka sa wa ranka wani abu."

Fausto ya sa baki, wai mai ja da huɗu ta fi sauƙin riƙewa ga sabon hannu. Suka kaure da musu har suka manta da ni. Na dawo da ciwon kai.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Idan na haɗa ta da kaina na yi kuskure, sitiyari ya kwance a gaban mutane fa?

Asabar, 17 ga Fabrairu

Na saya. Shagon da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Haɗaɗɗiya, mai ja da huɗu, shuɗiya. Sa batir kawai ka tuƙa. Mai shagon ya ce masana'anta ta saita komai, ba abin da zan taɓa, da wuya ma ta karye. Wannan kalmar ce ta saye ni. Na yi tunani sosai, na auna ta ko'ina. Ba zan dami kowa ba, ba zan roƙi kowa kayan gyara ba, Yaya ba zai ji an ɗora masa aikin da hannunsa ba zai iya ba.

A hanya na ji sanyi a raina. Ina isa gida kuma sanyin ya tafi.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Na kai wa Yaya ita bayan cin abinci, na ɗora a teburi. Ya danna bayanta da yatsa ɗaya, ta lotsa ta taso. Ya juya taya. Na tsaya ina jira ya ce man shokazoba ya yi kauri, ko wane wawa ne ya sayar min da wannan.

Ya ce, "Ta yi kyau."

Ya koma kallon tseren kekuna. Graciete ta kwashe kwanuka da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Ban iya karin kumallo ba. Ta yi kyau. Gara ya zage ni.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Bayan aiki na bi ta gidan kofi da Senhor Gualter ke zama, da motar a kwalinta. Ya buɗe, ya leƙa, ya rufe.

"Ka kai wa Horácio wannan?"

Na ce e.

"Me ya ce?"

Na gaya masa. Ya yi ta juya cokali cikin kofin da babu komai. Ya ce ni fa ban san yayana ba. Wai Horácio bai taɓa zama gwanin tuƙi ba, na tsakiya ne, wani lokaci na baya. Abin da ke kawo shi fili shi ne teburin gyara. Kowa ya samu matsala wurinsa yake zuwa, ya sha zagi, ya tafi da mota lafiyayya.

"Kai kuma ka je ka sayo motar da ba ta buƙatar kowa, ka ajiye a gaban mutumin da ke ganin ba mai buƙatarsa. Sannu da ƙoƙari."

Na ce ai hannunsa ɗaya ne.

Ya ce, "Kai kuma nawa gare ka? Na ado ne?"

Asabar, 24 ga Fabrairu

Da yake ba ta taɓa ƙasa ba, mai shagon ya karɓa, bayan ya gama yi min kallon marar hankali. Na ɗauko irin ta Senhor Gualter da rabin kulob ɗin: mai batir, mai ja da tayoyin baya, a wargaje. Na buɗe kwalin a gida. Ledoji ne cike da ƙananan kusoshi da noti da boris, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Babu abin da ya yi kama da mota.

Idan wannan ma ya ce ta yi kyau, ban san abin da ya rage ba.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Na ce wa Yaya teburina ƙarami ne kuma ba ni da kayan aiki, ko zan iya haɗawa a kicin ɗinsu? Ya ɗaga kafaɗa mai lafiyar. Graciete ta ɗauko akwatin kayan aikinsa daga gareji, ta goge ƙurar a gabansa.

Na jera komai bisa tawul fari, leda bayan leda, yadda littafin haɗi ya ce. Yana falo, amma ƙofa a buɗe. Na lura ya rage sautin talabijin.

Na kai ga akwatin giyar baya. Akwai wasu ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ake jerawa cikin giris, sannan a ɗaure da kusa guda. Littafin ya ce a ɗaure sosai. Na ɗaure sosai. Ina ƙara murɗawa sai na ji sanda a bayana.

"Me kake yi?"

"Littafin ya ce…"

"Littafin! Wanda ya rubuta littafin ya taɓa ganin jar ƙasa? Saki, jaki, za ka niƙe su! Wannan ba murfin kwalbar zaitun ba ne. Kwance. Kwance duka. Graciete, miƙo min kujera, yaron nan zai kashe ni."

Graciete ta kawo kujerar tana kallon silin.

Sau uku ya sa na kwance na sake. Miyar kabeji ta huce a kan murhu ba wanda ya tuna.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Kullum bayan aiki ina can. Yau shokazoba. Ni ke riƙewa in tura sandar a hankali, shi ke ɗiga mai da hannun dama, mu jira kumfa ta fito. Ya ce hannuna ba laifi, kaina ne matsalar. A wurinsa wannan yabo ne.

Ya so ya riƙe wani ƙarfe da hagun, ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Na sunkuya na ɗauko na ci gaba da maganar da nake yi. Ban sani ba ko daidai na yi.

Lahadi, 3 ga Maris

Ta zama mota. Na gwada ta a layinsu, na daki kwandon shara, na daki tayar motar maƙwabci. Yana taga yana ihu, "A hankali da wuta! Yatsa gare ka ko guduma?"

Mun manna tayoyi kashi biyu da gam: masu gajerun ƙuraje na busasshiyar ƙasa, masu dogaye na ranar ruwa.

Da zan tafi na ce, "Lahadi mai zuwa zan biyo in ɗauke ka."

Fuskarsa ta rufe kamar shago. "Na haɗa maka mota. Tuƙi naka ne. Ba inda za ni."

Laraba, 6 ga Maris

Na sake tambaya. Ya ce in na ƙara, in kwashe kayana.

To me na yi ke nan? Na ba shi mako biyu na faɗa, sannan ya koma kujera, ni kuma in je in kunyata a gaban su Fausto a banza.

Asabar, 9 ga Maris

Ruwa tun safe, ba alamar ɗaukewa. Na je na kwaso kayan daga kicin ɗinsu. Bai fito ba, daga falo ya ce in tabbata batir ya cika.



Lahadi, 10 ga Maris

Ruwan ya ɗauke da asuba, filin ya zama kamar kunu. Senhor Gualter ya ba ni gefen teburinsa. Kowa yana sa tayoyi masu dogayen ƙuraje. Na buɗe jakata, babu nawa. Suna kan firijin Graciete.

Fausto ya ce zai ara min. Na ce ya bari tukuna. Na kira Yaya.

Ban taɓa jin zagi mai tsawon wannan ba. Ya ce zai aiko Graciete. Na jiyo ta tana cewa ita duk baƙaƙe take ganinsu, ba ta san na ruwa da na rani ba, in yana so su isa ya tashi ya sa takalmi.

Na yi zagayen gwaji da tayoyin rani. Motar tana ta juyi a wuri ɗaya kamar kare mai bin jelarsa. Na ga motar su Yaya ta tsaya a bakin ƙofa. Yaya bai fito ba. Graciete ce ta kawo ledar, ta ce ya ce daga nan zai juya. Na sa tayoyin, ba na son duban wajen.

Aka kira rukuninmu. Na hau dandamali. Aka busa. Tudun farko na kife, aka ɗaga ni. Na biyu ma haka. Ina nufar na uku sai na ji daga ƙasa, kusa da shinge:

"Saki wuta kafin tudun, jaki! Kafin! Wa ya haife ka?"

Duk dandamalin ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Ya dawo, jama'a, ku ɓoye motocinku!" Ban waiwaya ba. Na saki wuta, ta haye tudun ta sauka a kan ƙafafunta.

Na zo na ƙarshe. Hannun gaba ya karye a zagayen ƙarshe, Senhor Gualter ya zaro wani daga aljihu yana min gwalo. Da na sauko ɗaga motocin na bayana, na hango Yaya zaune a teburin, sanda a jingine, Fausto tsaye a gabansa riƙe da motarsa yana shan nasa rabon.

A hanyar komawa Yaya ya dube ni ta gefen ido. "Kai da ko laima ba ka taɓa mantawa ba tun kana firamare."

Na ce tsufa ne.

Ya ce, "Hm." Can kuma ya ce Laraba in zo da wuri, mai na shokazoban baya ya yi ruwa da yawa.

Gwiwata ta kumbura. Na ci abinci kwano biyu.

Tayoyin kuwa, mantawa na yi. Haka zan bar shi a rubuce.