Cajin Wayar Kawu Iro

Talata, bayan Isha'i

Tun safe nake buga wa Malama Hadiza babin ƙarshe na aikin digirinta, gobe za ta miƙa shi. Da aka kira La'asar na tashi a gurguje, ban adana aikin ba. Ina dawowa shago na tarar kwamfuta ta yi barci. Na danna kibod, shiru. Na jijjiga maus, shiru. Allo baƙi ƙirin, fitilar injin kawai ke ƙyaftawa.

Ga Malama tsaye a kaina, tun daga unguwar Gobarau ta taho. Ta ce, "Malam Sanusi, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, alhali gumi ya jiƙa mini riga. Na canza wayar allo, na duba soket, ba labari. Maɓallin kunnawa kuwa na kasa taɓa shi, don in ta mutu aikin ya tafi.

Sai da na leƙa bayan tebur na gane. An zare kibod da maus, an soka wayoyin salula biyu a gurbinsu suna caji. Na cire wayoyin, na mayar da kibod da maus, na danna, rubutu ya dawo cif.

Sai ga Kawu Iro daga masallaci, fuska a murtuke: "Wane mara tausayi ya cire mini caji?"

Ƙanen mahaifina ne, kuma shi ya ba ni shagon. Na russuna na ce, "A yi haƙuri, Kawu, kuskure ne."

Haƙurin nan da na bayar, shi ya tsaya mini a wuya har yanzu.