Adireshinka ya dawo Gure, kai ba ka dawo ba

Zuwa ga Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan saƙo ya same ka da rai da lafiya. Ni ce ƙanwarka Rabi, daga Gure. Na sa wasiƙar nan a shafina inda kowa zai karanta, domin lambarka ta daina shiga tun kafin damina, kuma duk wanda na sani na tambaya.

Ka tafi Jado don ka haɗa wa masu haƙar zinari rezo, su riƙa samun intanet. Ka bar mini siber ɗinmu, shagon intanet na bakin kasuwa, ka ce kafin dabino ya nuna ka dawo. Dabino ya nuna a kwarin Kawu Isa, an tsinke, har an sayar.

Ka tuna lokacin da ka mai da akwatin rezonmu kan sabon tsarin nan na IPv6? Na ga adireshi dogaye, haruffa da lambobi a cakuɗe, na ce ni kam ba zan iya ba. Ka ce, "Kada ki haddace, Rabi, farkonsu kawai za ki duba." Wanda ya fara da 2 na na'ura ɗaya ne, ana iya kai mata saƙo daga ko'ina a duniya. Wanda ya fara da ff na jama'a ne, saƙo ɗaya duk 'yan rukuni su samu. Akwai wanda na'urori da yawa ke tarayya a kansa, wadda ta fi kusa ta amsa. Wannan har yau bai zauna mini ba. Sai mai fe80, wanda ka ce, "Wannan ɗan gida ne, ba ya tsallake akwatinmu. In kin gan shi, mai shi yana nan kusa."

Naka na ɗan gida da hannunka ka rubuta shi a ordinatarka, kwamfutar nan taka ta ɗora wa cinya. Ka sa ƙarshensa ya zama baba, saboda haruffan da tsarin ya yarda da su sun isa a rubuta haka. Ka yi dariya, amma na san marigayi Babanmu ka tuna.

Yaya, ran kasuwar da ta wuce, da hantsi, rezo ya yi nauyi, na buɗe shafin akwatin rezon in ga su wa ke kai. Sai ga fe80, ƙarshensa baba.

Ban san lokacin da na fita ba. Babu takalmi, mayafina a ƙasa, ina kiran sunanka a tsakiyar mutane. Na duba rumfar mai shayi, na duba wajen masu kabu-kabu, na dawo. A kan bencin mai shayi na ga ordinatarka, da tsagar nan ta gefe tun faɗuwar da ka yi da moto a hanyar Bune. Tana kan cinyar wani dattijo da ban taɓa gani ba.

Na fizge ta. Jama'a suka taru, wasu na cewa na haukace. Shi bai yi fushi ba. Sunansa Bukar, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Kelle, shi ya sa ake ce masa Mushe Bukar. Ƙanensa ne ya kawo masa ita tsaraba daga arewa. Yana buɗe ta, ta tuna wifi ɗinmu, ta shiga da kanta.

A gabana ya kira ƙanen. Ƙanen ya ce wajen wani mai gyaran wayoyi ya saye ta a Jado. Mai gyaran ya ce masa wani dogon saurayi ne ya kawo ta, mai tari sosai. Iyakar abin da ya sani ke nan. Bai san suna ba, bai san watan da aka kawo ta ba. Mun je wajen jandarma, sun saurare mu, sun ce in an ji wani abu za a neme mu.

Da Mushe Bukar zai tafi, ya ajiye ta a kan teburina, ya ce, "Riƙe ta, 'yata, har mai ita ya zo." Na bincike ta ciki da bai. Hotunanmu na nan, aikinka na nan, babu abin da ya nuna ina ka nufa.

Na gaya wa Inna. Na ɗauka faɗuwa za ta yi. Ta daɗe tana shafa murfin ordinatar, sannan ta ce, "Wanda ya sayar da kayansa abinci yake nema, matacce ba ya ciniki." Da wannan maganar muke rayuwa yanzu. Amma ni na san ka, Yaya. Ko taɓa ta ba ka bari a yi da hannu mai maiƙo. Wace irin wahala ce ta raba ka da ita? Tarin nan tun yaushe? Wa ke ba ka ruwa?

Kawu Isa ya bar lambunsa a hannun maƙwabci, zai bi motar kaya zuwa arewa da hotonka. Da ciwon gwiwarsa, Yaya. Mun hana shi, ya ƙi.

In kunyar dawowa hannu wofi ce ta riƙe ka, wallahi babu mai tambayarka komai. In ba ka da waya, ka roƙi ta wani, ka ce ni ne, ka kashe. Ya ishe mu. In kuma ba ka iya tashi, ka faɗa wa wanda ke kusa da kai sunan garinmu.

Allah Ya sa kana cikin hannu nagari. Allah Ya ba ka lafiya, Ya kai Kawu inda kake, Ya nuna wa Inna fuskarka tun tana gani.

Taka ƙanwa,
Rabi