Likita Ya Hana Shi Mai, Shi Kuma Ya Hana Ni Magana

Zuwa ga Hajiya Safara'u,

Assalamu alaikum. Hajiya, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke raina ya fi ƙarfina, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan ba tare da maganar ta riga ni isa gida ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci. Sunayen da zan ambata kuma ina roƙo ki sauya su kafin a buga.

Ni haifaffiyar Ketare ce, aure ya kawo ni Ƙanƙara. Mun daɗe da maigidana, har mun aurar da 'ya'ya biyu. Lokacin da na zo gidansa awon auduga yake bi a kan keke, yau Faskari gobe Sabuwa, wani lokacin man da za a ɗiga a miya ma sai an yi dabara. A 'yan shekarun nan da kuɗi suka shigo ƙasa Allah ya buɗa masa. Ya samu kwangilar gina azuzuwan firamare, ya sayi mota, ya je Makka, ni ma ya kai ni. Har murhun gas ya sayo mini daga Kaduna, irin mai ɗakin gashi a ƙasa da ake kira obin. Ni dai tukwane nake ajiyewa a cikin obin ɗin, don tsoronsa nake ji.

In ba za ki ce na yabi kaina ba, a unguwarmu an san hannuna. Maza suna ciyayya a zaurenmu bayan magariba, kowane gida ya fito da kwanonsa, kuma nawa ake fara buɗewa. Man shanu nake malala wa miya har sai mutum ya ga fuskarsa a ciki. Alhaji kuwa mai son suya ne, ko dutse aka soya masa sai ya taɓa. Ba shi da yawan magana, bai taɓa buɗe baki ya ce girkina ya yi daɗi ba, amma in ya shigo yana tsokanata wai zan ƙarar wa Fulani da shanu, na san abin da yake nufi, kuma ya ishe ni.

Bara da kaka ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki can wajen Sabuwa. Audi direbansa ya rufa asiri, ya ce wa leburori rana ce ta buge shi, ya biyo gida ya ɗauke ni muka wuce da shi asibiti a Zariya. Likita ya ce jininsa ya hau, zuciyarsa kuma ta gaji. Ya sa aka kira ni tunda ni ke girki, ya ja mini kunne cewa ban da suya, ban da kitse, mai da gishiri sai ɗan abin da ba a rasa ba, in ba haka ba faɗuwa ta gaba ba lallai ne ya tashi ba. A hanyar dawowa Alhaji ya sa na rantse da Allah ba zan gaya wa kowa ba, ko 'ya'yanmu, ko yayarsa. Wai in aka ji ɗan kwangila ba shi da lafiya aiki zai koma hannun wasu, maƙiya su samu abin faɗa. Na rantse, don a ranar ko me ya ce in yi zan yi.

Muka dawo na rage mai. Ba a jima ba aka fara tsegumi a zaure. Abokinsa Alhaji Nata'ala, wanda bakinsa ba shi da linzami, ya tambaye shi ko gwamnati ce ta riƙe masa kuɗin aiki, tunda miyar gidansa ta yi fari kamar an wanke ta. Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma da ya shigo bai kalli inda nake ba.

Sai na shiga neman abin da zai yi kama da soyayye ba tare da an soya ba. Maƙwabciyata Malama Baraka, matar hedimasta, ta yi karatun girki a kwaleji. Ban gaya mata dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta nuna mini wata 'yar kabewa doguwa koriya, kamar kokwamba, wadda masu lambu na bakin dam ɗin Mairuwa suke nomawa saboda Turawan aikin hanya. A yanka ta tsaye kamar yatsu, a tsoma a ƙwai, a birkiɗa a dakakken busasshen burodi da kayan ƙamshi, a gasa a obin. Na ci a gidanta tana fitowa daga wuta, wallahi Hajiya garas-garas, ki rantse daga cikin mai aka tsamo ta. Ranar har rawa na taka a ɗakin girkin mutane, na ce Allah ya kawo mini mafita.

Ni da ke gudun obin kamar maciji na koyi kunna shi, har gashin hannuna ya babbake. Audi ke sayo mini kabewar in sun biyo ta can. Ina gamawa da la'asar, in ɗanɗana in ji ba laifi, in zuba a sabuwar langa in rufe, in lulluɓe da tawul don kada ta huce, in ajiye sai an idar da magariba. To kullum in an buɗe sai a tarar ta yi laƙwas, ɓawon ya saɓule, ruwa kwance a ƙasan langa. Na ƙara wuta ta ƙone, na rage ta caɓe. Na sauya ƙwai, na sauya burodi, har wuƙar na zarga. Mutanen zaure suka sa mata suna jiƙon Hajiya.

Daga nan kwanona ya fara dawowa yadda ya fita, ko murfin ba a ɗaga ba. Wata safiya ina sharar zaure na ga wani kwano a bayan ƙyaure, mai ya daskare a gindinsa. Ko a mafarki na san kwanon. Na yayarsa ne, Hajiya Hajaratu, wadda duk gida muke ce mata Goggo. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har gobe kallon yaro take masa. Ashe daga gidanta ake kawo masa tuwon dare, da soyayyen nama, da duk abin da likita ya lissafa ya hana. Ina raye, da ƙafata da hannuna, mijina yana cin abincin wani gida. Na zauna a wurin da tsintsiya a hannu na yi kuka har na gode Allah.

Wannan ma da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Ranar sunan jikanmu, gida cike da mata, Goggo ta tsaya a tsakar gida ta ce wai arziki ya zo rowa ta biyo shi, na bar ɗan'uwanta yana ramewa ina tara garwar mai ina aika wa dangina Ketare. Ta ce lokacin da ba shi da komai na iya zuba mai, yanzu da ya samu na gaji da shi, sai abincin Nasara nake ba shi don ya gaji ya bar mini gidan. Hajiya, Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa, ya shigo ɗaukar goro. Ya ji komai. Shi kaɗai a duniya ya san dalilin da ya sa hannuna ya bushe. Na ɗago na kalle shi ina jiran ko kalma ɗaya, sai ya ɗauki goronsa ya fita.

Tun ranar ba ni da sauran kuzari. Ban taɓa sanin zuciya tana ciwo irin na jiki ba sai yanzu. Muna gaisawa, yana ba da cefane, shi ke nan. Kuma ina ganin ƙafafunsa sun fara kumbura, takalmin da ya sayo a Makka ba ya shiga. In zai tafi masallaci sai ya tsaya a hanya kamar mai gyara hula, ni na san numfashi yake nema.

Gaba kura baya sayaki. In na yi magana na karya rantsuwa na tona asirin mijina. In na yi shiru yayarsa za ta kashe shi da ƙauna ba ta sani ba, ni kuma in ƙare da sunan marowaciya. Har yanzu ina gasa kabewar nan, ban san ma don me ba, ni da kaji muke cinyewa. Ki gaya mini inda nake kuskure a gashin, ko Allah zai sa ya ci ko sau ɗaya. Ki kuma gaya mini yadda zan yi da bakina.

Taki cikin damuwa,
Wadda kwanonta ke dawowa, Ƙanƙara

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na sauya sunayen kamar yadda kika roƙa. Share hawayenki mu fara da mai sauƙin.

Gashinki ba shi da laifi, ladabinki ne ke jiƙa kabewar. An koya mana ba a kai wa maigida abinci a buɗe, kuma gaskiya ne ga tuwo. Amma gasasshen abu in aka rufe shi da zafinsa, tururi ne zai koma masa ya zama ruwa, balle an ƙara da tawul an jira magariba. Ba abincin zaure ba ne, daga wuta sai baki. Ban da wannan, kabewar nan ruwa ne cikinta. In kin yanka ki barbaɗa ɗan gishiri ki bar ta a kwando ta tsane, sannan ki ɗauraye gishirin tas saboda jinin Alhaji, ki goge kowane yanki da tsabtataccen ƙyalle. Obin ya yi zafi sosai kafin ki sa. Ki shafa wa faranti mai da ɗan yatsa kawai, ki jera su kada wani ya taɓa wani, in gefe ɗaya ya yi ja ki juya. Citta da tafarnuwa da masoro za su rufe gurbin gishiri.

Yanzu Alhaji. Shirun da ya yi ranar suna bai kyauta ba, ba zan shafa masa mai ba. Amma ki gane mutumin nan a tsorace yake. Ya taso a keke, ya samu a makare, an ce masa zuciyarsa ta gaji, ga abokai suna masa dariya a zaurensa. Kwanon da ke fita daga gidan mutum fuskarsa ce a cikin maza, ke kuma da kyakkyawar niyya kika fitar da maganinsa bainar jama'a. Likita bai hana Nata'ala mai ba. Ki mayar da kwanon zaure yadda aka san shi. Shi kuma ki ciyar da shi a ɗaki kafin magariba, kabewar da zafinta a buɗe, da sauran abin da likita ya yarda, kina zaune kusa da shi. Wanda ya fita da cikinsa cike, loma biyu zai yi don kara ya janye hannu.

Goggo kuwa ta ci miki mutunci a gaban mutane, kuma kina da hakki a kanta. Sai dai ba maƙiyiyarki ba ce. Ta ga ƙanenta yana ramewa, ba wanda ya gaya mata dalili, ta yi abin da ta saba yi tun yana yaro. Ranar da ta ji gaskiya, ina kyautata zaton ita za ta fi ki tsare masa baki, kuma nauyinta yake ji.

Batun rantsuwa, ki tambayi malamin da kika amince da shi ba tare da kin kama suna ba. Abin da na sani shi ne, rantsuwar da riƙe ta zai jawo cuta ana warware ta a yi kaffara, a ciyar da miskinai goma, ke kuwa girki bai taɓa gagararki ba. Amma kada ki zagaya ta bayansa. Ki same shi shi kaɗai, ki gaya masa kin ga ƙafafunsa, kin ga tsayuwar da yake yi a hanyar masallaci. Ki ce mutum ɗaya kawai za ta ji, yayarsa, kuma kin fi so ta ji daga bakinsa, in bai iya ba za ta ji daga naki. 'Yan kwangila da mutanen zaure ba ruwansu. Kumburin nan kuma ba abin jira ba ne, ku koma Zariya cikin makon nan ko da rigima. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kada ki sa ran godiya. Zai yi fushi, wataƙila ya daɗe bai sake miki fuska ba. Ki daure, fushin miji mai rai ana shanye shi, wata rana har a yi dariyarsa. In kuwa kika riƙe bakinki har aka shigo miki da shi a kwance, Goggo za ta dube ki ta tambaya ko kin sani tun farko, kuma ba ki da amsar da za ta bar ki ki yi barci.

Allah ya ba Alhaji lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya ba ki ƙarfin buɗe baki tun yana iya jin ki.

Hajiya Safara'u