Gambar Bakin Burtali

Kazan, Rasha
12 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Mainasara, Daura.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Iya, da Zubaida da yara. Yaya ƙafar Iya? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya nake. Tarin da ka ji a waya na sanyi ne, kuma ya ragu. Kada a gaya wa Iya.

Wannan zangon karatun an ba ni nazarin wani tsohon gajeren labarin Rashawa, a kan manomin da ya yi ta neman ƙarin ƙasa har ya halaka. Na rubuta cewa mutumin bai taɓa ganin kansa mai haɗama ba, domin kowane ƙari da ya yi kaɗan ne, kuma da hujjarsa. Malamarmu ta tambayi inda na samo wannan fahimta. Sai gonarmu ta faɗo mini a rai.

Ƙaninmu Saminu ya ce bara ka shigar da kunyoyi biyu cikin burtalin gefen gonarmu ta hanyar Kongolam, bana ma kana shirin ƙara biyu. Shanun Arɗo Kabo ba su da wata hanyar zuwa rafi. Idan suka faɗa cikin geron, ka san abin da zai biyo baya. Mutumin nan kuwa da shi muka ɗauki makarar Baba.

Ba ni da hurumin yi maka faɗa. Roƙo nake yi: kafin ruwan shuka ya sauka, ka mayar da gambar iyaka inda Baba ya dasa ta.

Ƙaninka,
Musaddiq